Kura da Shan Bugu: Waiwaye Kan Mutanen da Suka Sauko da Kwamfuta Kan Tebur

Kafin shekarar 1975, idan aka ce kwamfuta a Amurka, ana nufin wata na'ura mai cin ɗaki guda, wadda sai gwamnati, ko banki, ko babbar jami'a ke iya mallaka. Ɗakin nata a kulle yake, da na'urar sanyaya iska, da ma'aikata na musamman. Ɗalibin da ke son ta yi masa lissafi sai ya huda katuna ya miƙa ta taga, ya tafi sai gobe ya dawo karɓar amsa. In ya kuskure waƙafi ɗaya, ya sake bin layi. Kamfanin IBM ne sarkin wannan kasuwa, kuma manyansa ba su ga abin da mutum ɗaya zai yi da kwamfuta a gidansa ba.

Cikin shekara goma komai ya sauya. Waɗanda suka kawo sauyin yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya. Sun san juna, sun ari kayan aikin juna, wasu sun kwana a gareji ɗaya, daga baya kuma suka yi ta maka juna a kotu. Duk lokacin da na waiwayi wannan zamani, abu guda ne ke tsaya mini a rai: kusan a kowane mataki mutum biyu za ka tarar, ɗaya ya ƙera abu, ɗaya ya gane yadda ake mallakarsa. Na biyun duniya ta haddace sunansa.

Akwati mai fitilu

Daga Albuquerque abin ya taso, wani gari a jihar New Mexico, nesa da inda manyan kamfanonin lantarki suke. Ed Roberts, tsohon hafsan sojan sama, yana da ɗan kamfani mai suna MITS da ke haɗa kalkuleta. Da manya irin su Texas Instruments suka shigo suka karya farashi, sai bashi ya yi masa katutu. Ya tattara ragowar ƙarfinsa ya zuba a kan abu ɗaya: kwamfutar da mutum zai saya a warwatse ya haɗa da hannunsa. Mujallar Popular Electronics ta watan Janairun 1975 ta sa hotonta a bango, sunanta Altair 8800, kuɗinta dala 397. Ba ta da allon kallo, ba ta da allon rubutu. Akwati ne mai jerin makunnai da ƙananan fitilu. Ka ɗaga wannan ka sauke wancan, fitilu su ƙyafta, amsar ke nan. Ƙwaƙwalwarta haruffa 256 take ɗauka, ko wannan sakin layi ba za ta haɗiye ba. Duk da haka oda ta riƙa kwararowa dubbai, har kamfanin ya kasa cika alkawari a kan lokaci.

Paul Allen ya ga mujallar a wani shagon jarida kusa da Jami'ar Harvard, ya saya ya ruga wurin abokinsa Bill Gates, wanda ke karatu a can yana ɗan shekara 19. Tun suna makarantar Lakeside a Seattle suke tare a kan kwamfuta, kuma fargabarsu ɗaya ce: kada a yi babu su. Suka tuntuɓi Roberts suka ce suna da manhajar BASIC, wadda za ta ba mutum damar yi wa Altair umarni da kalmomi a maimakon makunnai. A gaskiya ko layi ɗaya ba su rubuta ba, kuma ba su taɓa sa Altair a ido ba. Allen ya sa babbar kwamfutar Harvard ta kwaikwayi ta Roberts, suka duƙufa kusan wata biyu ba dare ba rana, tare da wani ɗalibi, Monte Davidoff, wanda ya rubuta sashen lissafi. Allen ya hau jirgi da manhajar a kan naɗin takarda mai huji-huji. Sai da suka yi nisa a sama ya tuna ba su rubuta ɗan umarnin da zai loda ta ba, ya zaro takarda ya rubuta kafin a sauka. Aka gwada, ta yi aiki. Haka Microsoft ya zo duniya a 1975, da alkawarin da aka sayar kafin a ƙera kaya.

Wasiƙar da ta raba gari

A can Kalifoniya kuwa wani irin taro ne ya kankama. Ranar 5 ga Maris, 1975, mutum talatin da 'yan kai suka hallara a garejin Gordon French a Menlo Park don ganin wata Altair da ta iso yankin. Daga nan ƙungiyar Homebrew Computer Club ta samo asali. Akwai injiniyoyi, akwai ɗalibai, akwai tsofaffin 'yan adawa da yaƙin Biyetnam irin su Fred Moore da Lee Felsenstein, waɗanda ke ganin lokaci ya yi da za a ƙwato kwamfuta daga hannun gwamnati da manyan kamfanoni a damƙa wa kowa. Al'adarsu ita ce, abin da ka gano ka tashi a taro ka faɗa, wanda ya fi ka sani ya gyara maka.

Sai naɗin BASIC na Gates ya faɗo hannunsu. Aka kwafa, aka riƙa rabawa da sharaɗin wanda ya ɗauki ɗaya ya dawo da biyu. Suna da hujjarsu: da yawa sun biya MITS kuɗi suna ta zaman jira, kuma allunan ƙarin ƙwaƙwalwa da kamfanin ke haɗawa da manhajar ba su da inganci. Gates bai karɓi wannan uzuri ba. A watan Fabrairun 1976 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, aka buga a takardar labaran ƙungiyar, inda ya kira abin da suke yi sata ba tare da wani kwana-kwana ba. Ya ce masu Altair da suka biya kuɗin BASIC ba su kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma in aka raba abin da suka samu da awowin da suka kashe, bai kai dala biyu a awa ba. Ya tambaye su wa zai ci gaba da yin aikin ƙwararru a kyauta.

Aka yi masa caa. Wasu ma suka zauna suka rubuta tasu ƙaramar BASIC suka saki kyauta ko a kan 'yan daloli. Amma tambayar da wasiƙar ta tayar ita ce uwar duk rigingimun da suka biyo baya: abin da ake iya kwafa ba tare da na mai shi ya ragu ba, na wane ne? A lokacin idon kowa na kan ƙarfe da waya. Manhaja gyara ce, irin wanda mai awo ke ɗora maka bayan ya cika mudu. Gates, ɗan lauya da ya tashi yana jin maganar yarjejeniya a gida, ya riga kowa ganin cewa gyaran nan shi zai zama hajar.

Roberts ne ya fara ɗanɗana wannan. A 1977 ya sayar da MITS ga kamfanin Pertec, sababbin masu shi suka ce BASIC na cikin abin da suka saya. Aka je gaban mai sasanci. Takardar da Gates ya sa wa hannu tun farko ta wajabta wa MITS yin iya ƙoƙarinsa wajen sayar da manhajar ga wasu kamfanoni, kuma bai yi ba. Microsoft ya fita da kayansa a hannu, ya shiga sayar wa Apple da Commodore da Tandy. Kwafe-kwafen da suka ɓata wa Gates rai su suka riga suka sa kowa ya saba da BASIC ɗinsa.

Steve biyu

Cikin masu zama can baya a taron Homebrew akwai wani mai kunya, Steve Wozniak, injiniya a Hewlett-Packard. Ya zana kwamfutar da za a jona wa talabijin da allon rubutu, ya riƙa raba zanen kyauta ga duk mai so. Ya kai wa kamfaninsa, suka ce ba sa bukata. Abokinsa Steve Jobs ne ya ce ya daina rabawa, su sayar. Jobs ya sayar da motarsa ƙirar Volkswagen, Wozniak ya sayar da kalkuletarsa, suka kafa Apple ranar 1 ga Afrilu, 1976, tare da Ronald Wayne wanda ya girme su nesa ba kusa ba. Wayne ya tsorata da bashin da Jobs ke ciyowa, domin shi kaɗai ke da kadarar da za a iya kamawa. Cikin kwanaki kaɗan ya janye, ya karɓi dala 800 a madadin kashi goma cikin ɗari na kamfanin.

Tun kafin Apple akwai abin da ya gudana tsakanin Steve biyun da ke nuna halin kowa. Kamfanin Atari ya ba Jobs aikin rage yawan sassan wani wasan bidiyo mai suna Breakout. Wozniak ne ya yi aikin cikin kwana huɗu kusan ba barci, bisa cewa za a raba kuɗi biyu, Jobs ya ba shi dala 350. Sai bayan shekaru ya ji Atari ya ƙara tukwici mai kauri da ba a gaya masa ba. Jobs ya musanta. Wozniak ya ce da an faɗa masa ana bukatar kuɗin, da ya bar su da zuciya ɗaya. Da Apple ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 1980, mutanen kamfanin da dama suka wayi gari da miliyoyi, amma Daniel Kottke, abokin Jobs tun jami'a, wanda suka je Indiya tare kuma ya yi aiki a garejin farko, bai sami ko hannu ɗaya daga wurinsa ba. Wozniak ne ya ɗebi nasa hannayen jari ya sayar wa ma'aikata da araha.

Amma a yi wa Jobs adalci. Wozniak da bakinsa ya ce burinsa ya ƙare rayuwarsa yana injiniya a Hewlett-Packard. Jobs ne ya samo odar guda 50 daga shagon Byte Shop, shi ya jawo Mike Markkula ya zuba jari, shi ya nace sai an sa Apple II cikin rufin roba mai kyan gani, wanda uwar gida za ta yarda a ajiye mata a falo. Ba don nacinsa ba, da zanen Wozniak ya ƙare a aljihun 'yan ƙungiya.

Ramuwar Tramiel

A 1977 kwamfutoci uku suka fito a haɗe, ka saya ka kunna: Apple II a kan dala 1,298, da TRS-80 ta Tandy, da PET ta Commodore. Shugaban Commodore, Jack Tramiel, ba sa'an waɗannan samari ba ne. An haife shi a Folan, ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya fara da gyaran tafireta a New York, kuma a wurinsa kasuwanci yaƙi ne, haka yake faɗa. Texas Instruments ɗin da ya durƙusar da Roberts a kasuwar kalkuleta shi ya kusa kashe Commodore, domin shi ke ƙera masarrafar da abokan hamayyarsa ke saye a hannunsa. Tramiel ya ƙudurta ba za a sake yi masa haka ba. A 1976 ya sayi MOS Technology, kamfanin da Chuck Peddle da abokansa suka ƙera masarrafar 6502, wadda ake sayarwa dala 25 lokacin da takwarorinta suka haura dala ɗari. Ita ce a cikin Apple II ma.

Da Commodore 64 ta fito a 1982 a kan dala 595, Tramiel ya shiga zabtare farashi har ya sauko kusan dala 200. Texas Instruments ya bi shi, yana sayar da tasa ƙasa da kuɗin da aka kashe mata, har asara ta kore shi daga kasuwar kwamfutar gida a ƙarshen 1983. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Sai dai Tramiel bai daɗe yana murna ba: a Janairun 1984 suka saɓa da Irving Gould, babban mai jarin kamfanin, ya fice, ya je ya sayi sashen kayan gida na Atari ya dawo yana yaƙar gidan da ya gina. Talakan Amurka da na Turai su suka ci ribar wannan gaba, domin kwamfuta ta sauko farashin da uba zai iya saya wa ɗansa.

Ranar da IBM ya ƙwanƙwasa ƙofa

Idan ana maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sunan Gary Kildall ne kan gaba. Shi ma ɗan Seattle ne, yana da digirin digirgir a ilimin kwamfuta daga Jami'ar Washington, yana koyarwa a makarantar hafsoshin sojan ruwa da ke Monterey. A 1974 ya kammala CP/M, babbar manhajar da ke tsakanin na'ura da sauran manhajoji, wadda ke sanin inda aka ajiye kowane fayil a kan faifai. Hikimarsa ita ce ya ware ɗan sashen da ya shafi ƙirar kowace na'ura, ya kira shi BIOS. Mai ƙera kwamfuta wannan sashe kawai zai sauya, sauran ya zauna yadda yake, don haka manhaja ɗaya ta iya aiki a kan kwamfutocin kamfanoni barkatai. Zuwa 1980 CP/M ce ke riƙe da kasuwar ƙananan kwamfutocin ofis, shi da matarsa Dorothy suna tafiyar da kamfaninsu, Digital Research, daga wani gida a Pacific Grove. Shi da Gates sun san juna, kuma kowa na da fagensa: Gates na harsunan rubuta manhaja, Kildall na babbar manhaja.

A 1980 ɗin ne IBM ya farka. Ya ware wata ƙaramar tawaga a Boca Raton ta jihar Fulorida ya ba ta shekara ɗaya, wa'adin da bai isa a ƙera komai daga tushe ba, dole a sayo sassa a waje. Suka je wa Gates neman BASIC da babbar manhaja. Ya ce ta biyun ba tasa ba ce, kuma shi da kansa ya tura su wurin Kildall. Ranar da suka isa, Kildall ya tuƙa ɗan jirginsa ya kai wa wani abokin ciniki kaya. Dorothy ta karɓe su, suka ajiye mata takardar riƙe sirri da ta ɗaure ɓangarenta kawai, ta ƙi sa hannu sai lauya ya duba. Labarin da ya yaɗu, wanda ya bi Kildall har kabari, shi ne ya tafi shawagi a sama ya bar arziki tsaye a ƙofar gida. Shi kuwa cewa ya yi ya dawo ya same su a ranar, kuma kuɗi ne ya raba su: IBM na son ya biya sau ɗaya, shi yana son kaso a kan kowace kwamfuta.

Suka koma wa Gates, wannan karon bai tura su ko'ina ba. A nan Seattle wani matashi, Tim Paterson, ya rubuta wa kamfanin Seattle Computer Products wata babbar manhaja da ta bi tsarin umarnin CP/M, don manhajojin da ake da su su yi sauƙin komawa kanta. Microsoft ya karɓi lasisinta a kan dala 25,000, sannan ya saye ta ɗungurungum da ƙarin dala 50,000, ba tare da ya faɗi wa zai kai wa ba. Kildall ya ga kamannin ya fusata, Paterson kuma har kullum yana cewa shi ya rubuta kayansa da hannunsa. Don a kauce wa shari'a, IBM ya yarda ya sayar da duka biyun mai saye ya zaɓa. Da kwamfutar ta fito ranar 12 ga Agusta, 1981, manhajar da Microsoft ya saya, mai suna DOS, na dala 40, da ta Kildall ta iso kasuwa kuma aka sa mata dala 240. Ba sai an faɗi wadda aka zaɓa ba.

Babban abin yana cikin takardar da aka sa wa hannu. Microsoft ya riƙe 'yancin sayar da DOS ga duk wanda ya ga dama, IBM kuma ya amince, domin shi ma har lokacin gyara yake ɗaukar manhaja. Tunda sassan na kasuwa ne, abin da ya rage wa masu kwaikwayo shi ne BIOS. Compaq, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Texas Instruments su uku suka kafa a Houston a 1982, ya sa injiniyoyin da ba su taɓa ganin rubutun IBM ba suka sake gina shi daga yadda yake aiki. Daga nan ƙofa ta buɗe, har masana'antun Taiwan suka shigo. Kowace kwamfuta aka ƙera, IBM ya yi asarar mai saye ɗaya, Microsoft ya karɓi kuɗin lasisi.

Dukiyar Xerox

Rigimar da ta fi suna ita ce ta Jobs da Gates, kuma a kan kayan wani suka yi ta. A cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto an riga an ƙera kwamfutar Alto tun 1973, mai tagogi da hotuna da linzami, wanda shi ma Douglas Engelbart ne ya nuna shi tun 1968. Manyan Xerox hankalinsu na kan injin kwafar takardu. A Disambar 1979 suka bar Jobs da mutanensa suka shiga suka gani, a madadin damar sayen hannun jarin Apple na dala miliyan ɗaya. Adele Goldberg, ɗaya daga cikin masu binciken, ta yi gardama cewa ana kyautar da dukiyar gida, aka ce ta nuna musu. Abin da suka gani Apple ya sake wa fasali, ya sauƙaƙa, ya fito da Lisa a 1983 a kan dala 9,995 ba ta karɓu ba, sannan Macintosh a Janairun 1984 a kan dala 2,495. Ita ma Macintosh ɗin Jef Raskin ne ya fara aikinta kafin Jobs ya karɓe.

Microsoft na cikin masu rubuta wa Macintosh manhaja, don haka Gates ya ga komai tun ana gini. Da ya sanar da Windows a Nuwambar 1983, Jobs ya kira shi ya zazzage masa a gaban ma'aikata, yana cewa ya ci amana. Andy Hertzfeld, wanda ke wurin, ya ba da labarin cewa Gates ya amsa a natse: su biyun maƙwabci ɗaya gare su mai kuɗi, sunansa Xerox, shi ya haura zai ɗauki talabijin sai ya tarar Jobs ya riga shi. A 1985 John Sculley, mutumin da Jobs ya ɗauko da kansa daga Pepsi, ya haɗa kai da hukumar gudanarwa suka raba shi da iko, ya bar kamfanin. A shekarar ce Sculley ya sa hannu a wata takarda da ta ba Microsoft izinin amfani da wasu fasalolin Macintosh. Da Apple ya kai ƙara a 1988, wannan takarda ce ta karya mafi yawan hujjojinsa, ya faɗi a 1994. Xerox ma ya yi ƙarar Apple a 1989, kotu ba ta ba shi komai ba.

Abin da ya iso gare mu

Sa'ad da na fara zama gaban kwamfuta a Kano a farkon shekarun 1990, hukuncin duk waɗannan faɗace-faɗace ne ke kan teburin, ko da yake ba mai ba mu labarinsu. A lokacin masu tafireta na nan a ƙofar kotu da gidan waya, amma shagunan buga takardu sun fara buɗewa kusa da makarantu. Ana cire takalmi kafin a shiga ɗakin kwamfuta, ana lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, in wuta ta ɗauke ba ka adana ba, aikin yini ya tafi. Yawancin na'urorin na hannu ne, ba sunan IBM a jikinsu, amma duk tsarinsa suke bi, 'ya'yan ƙofar da Compaq ya buɗe. Macintosh sai jefi-jefi a wurin masu ɗab'i.

Baƙin allo ne da harafi da 'yar alama tana ƙyaftawa, kana haddace umarnin DOS kamar karatun allo. Kiran faifai da A, da taƙaita sunan fayil ga haruffa takwas da ɗigo da uku, duk gadon CP/M ne. Yatsunmu na bin tsarin Kildall kullum. Muna rubutu da WordStar da WordPerfect, masu lissafi na amfani da Lotus 1-2-3, wadda ita ma a 1983 ta ƙwace kasuwar VisiCalc, ƙirƙirar Dan Bricklin da Bob Frankston. Ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ a allon rubutu. Sai an buga takarda a bi ta da biro ana sa lanƙwasa. Manhaja kuwa ban taɓa ganin wanda ya saya ba. Injiniya ne ke zuwa da jakar fulofi ya zuba maka, ka biya shi ladan aikinsa. A aikace mabiya Homebrew ne mu, kuma yadda ta faru a 1976 haka ta faru a nan: kwafen ya sa duk wanda ya koyi kwamfuta kayan Microsoft ya koya, da ofisoshi da bankuna suka tashi saye da lasisi, su suka nema.

Yadda aka ƙare

Ed Roberts ya koma jihar Jojiya ya yi noma, sannan ya shiga makarantar likita yana da shekara arba'in da ɗoriya, ya zama likitan wani ƙaramin gari mai suna Cochran. Da yake jinyar ajali a 2010, Gates ya je ya duba shi a asibiti. Paul Allen ya kamu da sankara a 1982 ya bar aiki a Microsoft a shekarar da ta biyo. A littafin tarihin rayuwarsa na 2011 ya ce yana cikin jinya ya ji Gates da Steve Ballmer, abokin aikinsu, na shawarar yadda za su rage masa kaso, bayan tun farko ya yarda Gates ya ɗauki 64 shi 36. Kildall ya sayar da kamfaninsa ga Novell a 1991, bai talauce ba, amma abin bai bar cinsa ba. A 1992 jami'arsa ta yi bikin cikar sashen kwamfuta shekara 25, ta gayyace shi ya zauna cikin 'yan kallo, ta ba Gates, wanda bai gama digiri ba a lokacin, babban jawabi. Ya rasu a 1994 yana da shekara 52. Sai a 2014 aka kafa allon tunawa da aikinsa a gidan na Pacific Grove.

Jobs ya dawo Apple bayan Apple ɗin ya sayi NeXT, kamfanin da Jobs ya kafa bayan ficewarsa, a ƙarshen 1996, ya tarar ana dab da durƙushewa. A Agustan 1997 a Boston ya sanar cewa Microsoft zai zuba dala miliyan 150, fuskar Gates ta bayyana a kan ƙaton allo a bayansa, masoyan Apple suka yi ta ihun ƙin yarda. IBM kuwa ya sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga Lenovo na ƙasar Sin a 2005.

Ba na cikin masu cewa da an bar wa masu kirki fagen da ya fi. Kildall da Wozniak ba su da zafin neman da zai kai kwamfuta kowane ofis a duniya, kuma arahar da ta kawo ta Kano daga gabar Tramiel da kwaɗayin masu kwaikwayon IBM ta fito. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da nasarar kasuwa shaidar ƙirƙira, a ce wanda ya karɓi kuɗi shi ya sha bugun. Kuma tambayar 1976 ba ta mutu da hukuncin 1981 ba. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya saki Linux kyauta ga duk mai son ya gyara, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyin hannunmu. A 2018 Microsoft ya biya dala biliyan 7.5 ya sayi GitHub, babbar matattarar masu raba manhaja kyauta, shekara 42 bayan wanda ya kafa shi ya kira kakanninsu ɓarayi.